Ma'aikatan Bayan Fage: Yadda Ake Sa Ido Kan Ayyukan Uwar Garke

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani, da zarar ya kai Kura zai ga abin da zai ba shi sha'awa: ƙasa ta bushe ko'ina, amma ga gonakin shinkafa da alkama da tumatir sun yi kore shar. Ruwan da ke raya waɗannan gonaki yana fitowa ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974 a zamanin mulkin Audu Baƙo. Daga can yake gangarowa ta babbar hanyar ruwa, ya ratsa Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi zuwa gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. Manomi ruwa kawai yake gani ya iso bakin gonarsa. Ba ya ganin mai buɗe ƙofar ruwa da asuba, balle mai karanta ma'auni ko masu yashe hanya. Sai ranar da ruwa ya ƙi zuwa yake tunawa da su.

Haka abin yake ga kwamfutocin da rayuwarmu ta dogara da su a yau. Ɗan kasuwar da ya sayi buhun shinkafa a Kura ya tura kuɗi ta waya, da ɗalibar da ta duba sakamakon jarrabawarta a intanet, dukkansu suna cin moriyar wasu ayyuka da ke gudana a ɓoye cikin wata kwamfuta mai nisa. Wannan maƙala za ta yi bayanin waɗannan ayyuka, da yadda suke lalacewa, da kuma dabarun da masana ke bi wajen sa musu ido. Da yake fannina nazarin halittu ne, zan riƙa kawo misalai daga jikin ɗan Adam da kuma aikin noman rani.

Mece Ce Uwar Garke?

Uwar garke kwamfuta ce da aka keɓe domin yi wa wasu kwamfutoci da wayoyi hidima. Galibi ba ta da allo ko madannai a jikinta, kuma ba wanda ke zama a gabanta. Akan jera irinta da yawa a cikin ɗaki mai sanyi, inda wutar lantarki ba ta yankewa, watau cibiyar adana bayanai. Aikinta shi ne sauraron buƙatu da amsa su dare da rana. Waya za ta aiko da tambaya, alal misali, "Nawa ne ya rage a asusun wane?" ita kuwa ta bincika ta mayar da amsa cikin ƙiftawar ido.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja mai gudanar da harkokinta. Mafi yawan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet suna amfani da Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan, bisa tsarin Unix da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Amurka a 1969. Wasu kuma suna amfani da Windows.

Ayyukan Bayan Fage

Manhaja jerin umarni ce kawai da ke ajiye a faifai, kamar iri a cikin rumbu. Idan aka tashe ta ta fara gudana, sai ta zama aiki mai gudana. Babbar manhaja takan ba kowane aiki lambarsa, ta yanka masa rabonsa na ma'adanar wucin gadi, ta kuma tsara masa lokacin da zai yi amfani da ƙwaƙwalwar na'ura, kamar yadda ake tsara wa manoma ranakun ban-ruwa. A Linux, aikin da ya fara tashi idan an kunna na'ura shi ke da lamba 1, kuma shi ke tayar da sauran.

Ayyuka iri biyu ne. Akwai na gaban fage, waɗanda mutum ke buɗewa da hannunsa yana kallonsu, kamar manhajar rubutu. Akwai kuma na bayan fage, waɗanda ke tashi da kansu, ba su da fuska a allo, kuma ba sa jiran umarnin kowa. Daga cikinsu akwai mai miƙa shafukan intanet, da mai kula da rumbun bayanai, da mai aika wasiƙu, da mai daidaita agogo, da mai rubuta rahoton duk abin da ya faru. Akwai kuma wani mai suna cron, wanda ke riƙe da jadawali yana tayar da wasu ayyuka a kan lokaci, alal misali kwafe bayanai da ƙarfe 2:00 na dare.

Masanan da ke aiki a cibiyar MIT ta Amurka a 1963 sun raɗa wa irin waɗannan ayyuka sunan da za a iya fassarawa da "aljanu". Sun aro sunan ne daga wani misali da masanin kimiyyar lissafi da zafi James Clerk Maxwell ya buga a 1867, na wani ɗan ƙaramin halitta na ƙage da ke tsaye a bakin wata ƙofa ba gajiyawa, yana rarrabe ƙwayoyin iska masu sauri da masu nawa. Shi ya sa har yau sunayen yawancinsu a Linux ke ƙarewa da harafin d, kamar httpd da sshd.

Darasi Daga Jikin Ɗan Adam

Mai karatu yana ɗauke da irin wannan tsari a jikinsa. Tafiya da magana da rubutu ayyukan gaban fage ne. Amma zuciya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, watau kimanin sau 100,000 a yini, ba tare da an umarce ta ba. Ƙoda tana tace jini, hanta tana sarrafa abinci, numfashi kuma yana ci gaba ko da mutum yana barci.

Abin lura shi ne jiki bai bar waɗannan ayyuka kara zube ba. A bangon manyan hanyoyin jini na wuya akwai ƙananan jijiyoyi masu auna matsin jini, suna aika rahoto zuwa gindin ƙwaƙwalwa a kowane bugu. Idan matsin ya faɗi, sai a umarci zuciya ta ƙara sauri. Wani sashe na ƙwaƙwalwa yana lura da zafin jiki domin ya tsaya kusa da digiri 37. Idan ya haura sai gumi ya karyo, idan ya sauka sai a fara karkarwa. Tun ƙarni na 19 masanin Faransa Claude Bernard ya nuna cewa rayuwa ta dogara da wannan daidaito na cikin jiki. Matakai uku ne ke tabbatar da shi: aunawa, da kwatanta abin da aka auna da ƙa'ida, da ɗaukar mataki. Su ne kuma ginshiƙan sa ido kan uwar garke.

Cutar kuturta tana nuna mana abin da ke faruwa idan matakin farko ya mutu. Ƙwayar cutar tana lalata jijiyoyin jin zafi, sai mutum ya taka ƙaya ko ya ƙone bai sani ba, ciwo ya ruɓe har gaɓa ta salwanta. Uwar garken da ba a sa mata ido ba, haka take: rauni yana cin ta, ba kuwa mai jin zafinsa.

Yadda Ayyuka Ke Lalacewa

Hanyoyin ruwa na Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000, za su taimaka mana wajen fahimtar nau'o'i huɗu na lalacewa.

Na farko shi ne mutuwar farat ɗaya. Aiki yakan ci karo da kuskure a cikin umarninsa ya faɗi nan take, kamar ɓallewar gefen hanyar ruwa. Wannan ya fi sauƙin ganewa, domin lambar aikin takan ɓace daga jerin masu gudana.

Na biyu shi ne sandarewa. Aikin yana nan cikin jeri da lambarsa, amma ya daina amsa kowa, wataƙila yana jiran wani aiki wanda shi ma shi yake jira. Misalinsa ƙofar ruwa ce da ta cije: mai gadi yana zaune a wurin, ƙofa tana nan, ruwa kuwa ba ya wucewa.

Na uku shi ne shaƙewa sannu a hankali. Manoman yankin sun san ciyawar kachala, wadda ke tsirowa a inda ruwa ke kwanciya, ta yi ta yaɗuwa tana tare laka har hanya ta toshe. A kwamfuta, wani aiki yakan riƙa karɓar ma'adanar wucin gadi ba ya mayarwa, ko kuma rahotanni su yi ta taruwa har faifai ya cika. Yau ba a ga komai ba, gobe ma haka, sai bayan makonni komai ya tsaya.

Na huɗu, wanda ya fi haɗari, shi ne aiki ya ci gaba da gudana yana amsawa da sauri, amma amsar ba daidai ba ce. Ruwa yana gudu sosai, sai dai gonar wani yake shiga.

Ni kaina na taɓa ɗanɗana kuɗata. Muna nazarin dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, waɗanda muka ɗebo daga hanyoyin ruwa na wajen Kadawa, sai muka haɗa ma'aunin zafi da wata kwamfuta domin ta riƙa rubuta zafin ruwan tankunan kowace awa. Wata rana wuta ta ɗauke ta dawo, kwamfutar ta tashi, amma manhajar da ke rubutun ba ta tashi ba, domin ba mu saita ta ta tashi da kanta ba. Kullum muna ganin fitila tana ci, hankalinmu kwance. Sai bayan mako uku muka buɗe kundin muka tarar ba komai, dole muka sake gwajin tun daga farko.

Dabarun Sa Ido

Dabara ta farko ita ce kiran suna, kamar yadda malami ke yi a aji. A Linux, umarnin ps yana jero ayyukan da ke gudana, top kuma yana nuna wanda ya fi cin ƙarfin na'ura. Wannan yana kama mutuwar farat ɗaya, amma ba ya kama sandarewa.

Ta biyu ita ce gwaji daga waje. Wata kwamfuta dabam takan riƙa aiko da buƙata irin ta mutane, alal misali kowane minti ɗaya, ta duba ko an amsa, da tsawon lokacin da aka ɗauka, da kuma ko amsar daidai ce. Wannan ya yi kama da jami'in da zai taka har gonar ƙarshe ya ga ko ruwa ya isa, domin manoman wutsiyar hanya su ne ke fara jin jiki idan ruwa ya ragu.

Ta uku ita ce aunawa da adanawa. Akan rubuta yawan aikin ƙwaƙwalwar na'ura, da cikar ma'adana da faifai, da yawan buƙatu, a zana su a jadawali. Amfanin wannan shi ne hango matsala kafin ta iso. Idan faifai ya cika kashi 70 cikin 100, kuma yana ƙaruwa da kashi 2 kowace rana, ɗalibin aji ɗaya ma zai iya lissafa cewa saura kwana 15. Manhajoji irin su Nagios, wadda ta fara fitowa a 1999 da sunan NetSaint, da Zabbix, da Prometheus da aka faro a 2012, duk wannan aiki suke yi.

Ta huɗu ita ce karanta kundin rahoto. Kowane aiki yana rubuta abin da ya same shi tare da lokaci, kuma daga nan ake gano musabbabin matsala, kamar yadda likita ke duba katin majiyyaci.

Ta biyar ita ce bugun zuciya. Akan wajabta wa aiki ya riƙa aiko da alamar "ina nan" a kan kari. Idan alamar ta yanke, mai gadi zai kashe shi ya sake tayar da shi. A yawancin nau'o'in Linux na yau, manhajar systemd, wadda ta fito a 2010, tana iya yin haka. Wannan dabara ta yi rana a 1997, lokacin da na'urar Pathfinder ta Amurka ta sauka a duniyar Mas. Wani muhimmin aiki a kwamfutarta ya riƙa makara, mai gadi kuma yana sake tayar da na'urar duk lokacin da hakan ta faru, har injiniyoyi suka gano kuskuren suka aika gyara daga nan duniya. Sai dai a sani, sake tayarwa kamar maganin zazzaɓi ne: yana saukar da zafi, ba ya kashe ƙwayar cuta. Wajibi ne a ƙirga sau nawa aka tayar da aiki, a kuma binciki dalili.

Bayan duk waɗannan sai ƙararrawa, watau saƙon da ke zuwa wayar ma'aikaci idan an ƙetare iyaka. A nan ma akwai hikima. Idan ƙararrawa tana kaɗawa a kan kowane ƙaramin abu, ma'aikata za su saba da ita su daina kulawa, kamar yadda mazauna bakin titi ba sa jin ƙarar mota. Ƙa'ida ita ce kada a tashi mutum daga barci sai a kan abin da ke buƙatar hannunsa a wannan lokaci.

Wa Ke Gadin Mai Gadi?

Manhajar sa ido ita ma aikin bayan fage ce, saboda haka tana iya mutuwa. Ranar 14 ga Agusta, 2003, da misalin ƙarfe 2:14 na rana, aikin da ke kaɗa ƙararrawa a ɗakin kula da wutar lantarki na kamfanin FirstEnergy a jihar Ohayo ta Amurka ya sandare saboda wani kuskure a manhaja. Bai ba da wata alama ba. Daga baya ma'aikatan kwamfuta sun sake tayar da na'urorin, suka ga ayyuka sun bayyana a jeri, amma ba a tabbatar ko ƙararrawar ta dawo aiki ba. Ana cikin haka manyan wayoyin wuta suka yi zafi, suka saki, suka taɓa itatuwa, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, masu kula kuwa suna zaton lafiya lau domin ba su ji ƙara ba. Jim kaɗan bayan ƙarfe 4:00 wuta ta ɗauke wa kimanin mutum miliyan 50 a Amurka da Kanada.

Darasin shi ne shiru ba shaidar lafiya ba ne. Saboda haka masana sukan ajiye mai gadi na biyu a wani wuri dabam, wanda aikinsa kawai jiran bugun zuciyar mai gadi na farko, idan ya ji shiru ya yi kururuwa.

Misali Daga Gida

Ɗalibanmu sun ga nau'i na huɗu da idonsu. Bayan fitar sakamakon jarrabawar shiga manyan makarantu ta 2025, koke ya yi yawa. Ranar 14 ga Mayu, 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an sami kuskure da ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Bayanin hukumar ya nuna cewa wani gyara da aka yi wa manhaja bai hau kan wasu daga cikin kwamfutocin da ke hidimar waɗannan yankuna yadda ya kamata ba. Na'urori sun yi aiki, ɗalibai sun amsa tambayoyi, amma makin da ya fito bai dace da abin da suka rubuta ba, har sai da aka sake musu jarrabawar. Wannan yana koya mana cewa sa ido ya haɗa da tabbatar da cewa dukkan na'urori suna ɗauke da manhaja iri ɗaya, da kuma gwada su da tambayoyin da aka riga aka san amsarsu. Masu awo a ɗakin gwaji sun daɗe da sanin wannan: kafin a auna abin da ba a sani ba, sai an gwada sikeli da nauyin da aka sani.

Aikin Aji

Malamai za su iya jarraba waɗannan tare da ɗalibai. Na ɗaya, a kwamfuta mai Windows a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a ƙirga ayyukan da ke gudana, a ware waɗanda ɗalibi ya buɗe da hannunsa daga waɗanda suka tashi da kansu. Na biyu, shekara tana da awa 8,760. Idan uwar garke tana aiki kashi 99 cikin 100 na lokaci, tana tsayawa awa 87.6 ke nan, fiye da kwana uku da rabi. Idan kashi 99.9 ne, awa 8 da minti 46 ne kacal. Ɗalibai su lissafa na kashi 99.99, sannan su tattauna abin da tsayawar kwana uku za ta jawo wa mai tumatir a kasuwar Kwanar Gafan wanda ke jiran kuɗinsa su shigo. Na uku, a kafa sanda mai zane a bakin wata hanyar ruwa ko rijiya, a riƙa rubuta tsayin ruwa kullum a lokaci guda har wata ɗaya, a zana jadawali, a tsayar da iyakar da idan an kai ta za a sanar da malami.

Kammalawa

Mun ga cewa uwar garke tana rayuwa ne da ayyukan da ido ba ya gani, kuma waɗannan ayyuka suna iya mutuwa, ko sandarewa, ko shaƙewa, ko ba da amsar ƙarya. Mun ga kuma cewa maganin shi ne aunawa a kai a kai, da kwatantawa da ƙa'ida, da ɗaukar mataki, tare da gadin shi kansa mai gadin. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Bankuna da asibitoci da hukumomin jarrabawa suna buƙatar matasa masu wannan ilimi, kuma ana iya fara koyonsa da tsohuwar kwamfuta guda da aka ɗora wa Linux, wadda kyauta ake samunta. Ɗalibin da ya tashi a Kura ko Bunkure, wanda ya saba bin hanyar ruwa da fartanya yana neman inda ta toshe, ya riga ya san rabin darasin.